Usur Ko Dorina: Tarihin Soja Da Ƙwallon 'Yan Makaranta

Na san da yawanku kun saba ganina ne da labaran soyayya da rikicin kishiyoyi, to yau dai ku yi mini haƙuri, na ajiye uwargida da amaryarta a gefe guda, zan ɗan taɓa tarihi. Abin da nake so mu duba shi ne tsohuwar alaƙar da ke tsakanin soja da filin ƙwallon makaranta a ƙasar nan, musamman a nan Arewa, da kuma abin da wannan tarihi zai amfana mana a yau, mu mutanen Kutawa da Dutsin-Ma da Kurfi da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina.

Dalilina kuwa shi ne, yaron da ya tashi a yankinmu cikin 'yan shekarun nan, in ka ce masa soja, abin da zai faɗo masa a rai bai wuce shingen bincike a kan hanya ba, da mota mai bindiga a bisa, da umarnin a sauka daga babur a tura. Bai san an yi wani zamani da ake ganin soja rataye da usur a wuya yana zagaya fili tare da ɗalibai da sanyin asuba ba. An yi wannan zamani, kuma yana da daɗinsa yana da ɗacinsa. Tunda masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, bari mu waiwaya.

MAFARIN AL'AMARI

Tun farkon zuwan boko ƙasar Hausa, Turawa ba su raba karatu da motsa jiki ba. A Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, ɗalibai irin su Sardauna Ahmadu Bello sun koyi kurket da wasan nan na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda ake kira fayif, wasan da har yau yake da masoya a Katsina. Bature ya ɗauka cewa a fili ake koyon biyayya da juriya da shugabanci, wato dai halayen da yake nema ga ma'aikacin En'e, kuma su ne yake nema ga soja. Wannan ya sa tun daga tushe hanyar filin wasa da hanyar bariki suka zama maƙwabtan juna.

Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, daga nan ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yanzu. A can ne Yakubu Gowon ya yi karatu, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallon makarantar, ga dambe ga gudun dogon zango, kafin ya shiga soja a 1954. A wannan shekara ta 1954 ɗin dai aka buɗe wata makaranta a Zariya da yara 30 a ƙarƙashin Kyaftin Wellington Bassey, wadda daga baya ta zama Makarantar Horon Soja ta yara da muka sani. A nan kam sojoji ne kacokan ke renon yara 'yan sakandare, su tashe su, su yi fareti da su, su kai su fili. Tunde Idiagbon da David Mark duk 'ya'yan wannan makaranta ne. A nan gida kuma, Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa sun fito ne daga Makarantar Sakandaren Lardi ta Katsina suka wuce aikin soja. Ka ga ke nan, mai karatu, hafsoshin da suka zo suka mulki ƙasar nan mutane ne da aka rena a tsakanin aji da fili, saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka riƙa ganin fili a matsayin maganin matsalolin matasa.

BAYAN YAƘIN BASASA

Da aka gama yaƙin basasa a watan Janairun 1970, ƙasa ta sami kanta da manyan matsaloli biyu. Ta farko, zukatan jama'a sun rarrabu. Ta biyu, rundunar da ba ta wuce mutum dubu 10 ba kafin yaƙi ta kumbura ta kai wajen dubu 250, ga shi kuma babu sauran fagen daga da za a tura su. Gwamnatin Gowon ta nemi maganin ta farko a filin wasa. A 1973 Legas ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu, inda Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa, kuma a shekarar ce aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa, domin yaron Sakkwato ya haɗu da yaron Inugu a wurin da babu makami sai ƙwallo. Jihar Tsakiyar Yamma ce ta zo ta ɗaya a wannan biki na farko, kuma kowa ya san sirrin: gwamnanta na soja, Samuel Ogbemudia, ya gina sansanin horon 'yan wasa a Afuze, ya sa ido a kan wasannin makarantu kamar yadda manomi ke sa ido a kan iri. A 1977 bikin ya zo Kaduna, wadda a lokacin ita ce hedikwatar jiharmu, domin sai ranar 23 ga Satumba 1987 aka yanke Jihar Katsina.

To a wannan shekara ta 1977 ne aka yi abin da ya fi shafar batunmu kai tsaye. Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wadda Shehu 'Yar'aduwa ke mataimaki a cikinta, Kanar Ahmadu Ali kuma ke riƙe da ma'aikatar ilimi, ta tura sojoji makarantun sakandare domin su taimaki shugabannin makarantu wajen ladabtar da ɗalibai. Lokaci ne na kuɗin man fetur, an ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suna ta cika suna batsewa, ana ta kukan cewa tarbiyya ta lalace. Ga kuma sojoji jibge a bariki ba aikin yi. Sai hukuma ta ga ai jifa ɗaya za ta kashe tsuntsu biyu.

Ni ban riski wannan zamani a makaranta ba, amma yayyenmu da kawunnanmu sun riske shi, kuma duk wanda ka zauna da shi a cikinsu zai ba ka labarin ɗayan sojoji iri biyu. Akwai wanda ya zo da dorina. Shi wannan aikinsa tsayuwa a bakin ƙofa, wanda ya makara ya sha tsallen kwaɗo, wanda bai soke riga ba ya sha bulala, wani lokaci har ya nemi ya fi shugaban makaranta iko, malamai su koma 'yan kallo. Irin wannan ɗalibai sun ji tsoronsa, amma ranar da ya bar makarantar, tsoron ya bi shi ya tafi, ba a ga abin da ya bari ba sai tabon duka. Sannan akwai wanda ya zo da usur. Shi kuma da ya ga aikin gadin ƙofa bai ishe shi ba, sai ya nemi malamin wasanni, ya karɓi yaran ƙwallo da masu tsere, ya mayar da ƙarfinsa can. Tsarin gaba ɗayansa bai yi tsawon rai ba, ya sha suka daga malamai da iyaye, amma abin lura shi ne, mutanen da yanzu suka haura shekara 60 ba sa tuna mai dorina sai da tsaki, mai usur kuwa har addu'a suke yi masa.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

A lokacin da nake sakandare cikin shekarun 1990, Allah Ya haɗa mu da ragowar wancan iri. Wani tsohon saje ne da ya yi yaƙin basasa, ya yi ritaya ya zauna kusa da makarantarmu. Ba ɗan ƙasar Katsina ba ne, ba ma Musulmi ba ne, Hausarsa irin ta bariki ce, namiji da mace duk ɗaya a bakinsa. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, babu mai biyan sa ko anini. Shi dai ya ga muna buga tamaula ba tsari, kullum a tashi da faɗa, sai ya je ya nemi izinin shugaban makaranta.

Gaskiyar magana, Baba Saje bai iya ƙwallo ba. Bai san yanka ba, bai san dabarar bugun kusurwa ba, wannan fannin malamin wasanninmu ne, kuma bai taɓa yi masa shisshigi a ciki ba. Abin da ya kawo mana daban ne. Na farko lokaci: kafin kowa ya iso shi ya iso, kuma in mutum ɗaya ya makara, dukkanmu za mu zagaya fili, har da shi kansa da furfurarsa, saboda haka ba a jima ba muka koma tayar da juna daga barci. Na biyu kula da jiki: yakan duba tafin ƙafar kowa kamar yadda ake duba kuratan soja, wanda ƙaya ta soka ko ya yi faso sai an wanke an ɗaure kafin ya shiga fili, domin yawancinmu ba takalmi muke wasa. Na uku tsayuwa a wurin da aka ajiye ka. Yakan gaya mana cewa a fagen daga wanda ya bar wurinsa ɗan'uwansa ya kashe, kuma haka abin yake ga ɗan baya da ya bar gola shi kaɗai ya tafi neman suna a gaba.

Akwai kuma abubuwan da ba su shafi ƙwallo ba sam. Ya hana manyan ɗalibai aiken ƙanana ɗebo ruwa a fili, kowa ya ɗauki jarka ranar da layi ya zo kansa, ko da kyaftin ne. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da ake jiƙawa bayan atisaye a kwano ɗaya ake ci, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wanda ya faɗi jarrabawa zai zauna a benci har sai ya gyara. Kuma da rana ta yi ja, shi da ba ya salla shi ke fara busa usur ya kora mu masallaci. Ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ya doki yaro ba, amma in ya yi shiru ya dube ka, ka gwammace a yi maka bulala goma. A cikinmu babu wanda ya zama shahararren ɗan ƙwallo. Akwai dai malamai, da direbobi, da 'yan kasuwa, da manoma, da ni mai rubuce-rubuce, kuma har yau in an sa taron biki ko na suna, 'yan ƙungiyar nan ne ke fara isa.

RIBAR DA AKA CI

In muka koma babban fage, ba za a rubuta tarihin ƙwallon matasa a Nijeriya a tsallake zamanin soja ba. Ranar 11 ga Agusta 1985, yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin, suka ɗauki kofin duniya na farko na wannan rukuni, a ƙarƙashin koci Sebastian Brodericks, da Nduka Ugbade a matsayin kyaftin. Yara ne da aka tsinto daga gasannin makarantu da na matasa. Janar Buhari ne shugaban ƙasa a lokacin, ya karɓe su ya yi musu alkawura, amma kwana 16 bayan wasan aka hamɓarar da gwamnatinsa. Sai a 2016, bayan ya dawo a matsayin farar hula, ya ba kowane ɗan wasa naira miliyan 2. Nijeriya ta sake ɗaukar kofin a 1993 da 2007 da 2013 da 2015.

A Kano kuma akwai gasar Kofin Ramat ta yara, wadda aka sa wa sunan Janar Murtala Ramat Muhammad da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, gasar da ta daɗe tana tara yara daga jihohi daban-daban. Kaduna, garin barikoki, ta ba ƙasa Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, waɗanda duk suna cikin tawagar da ta ci zinare a wasannin Olamfik na 1996 a Amurka. Ƙungiyar Ranchers Bees da Amokachi ya yi wa wasa ma asalinta ta masana'antar ƙera makaman soja ce ta Kaduna. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa kanta hafsoshi da dama sun shugabance ta, ciki har da ɗan jiharmu Kanar Abdulmumini Aminu, wanda ke kan kujerar lokacin gasar kofin duniya ta 1998 a Faransa. Haka abin yake a maƙwabciyarmu Nijar, inda gwamnatin Seyni Kountché ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, gasar takobin da har yau mutanen Maraɗi da Damagaram ke ji da ita.

INDA ABIN KE ƁACI

To amma fa kada daɗin labari ya ɗauke mu, domin mai dorina ma yana da nasa babin a babban fage. A 1996 Janar Sani Abacha ya hana Nijeriya zuwa Afirka ta Kudu kare kofin Afirka da ta ci a 1994, saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da Nelson Mandela bayan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa a watan Nuwamban 1995. Sakamakon haka aka hana mu shiga gasar 1998. Wato ƙungiya mafi ƙarfi da ƙasar nan ta taɓa haɗawa ta rasa gasa biyu a jere saboda fushin mutum ɗaya. A shekarar 2000 kuma, da aka fitar da Kwaddibuwa tun zagayen farko na kofin Afirka, gwamnatin Janar Robert Guéï ta sa aka wuce da 'yan wasan sansanin soja na Zambakro, aka tsare su na 'yan kwanaki ana sa su fareti, wai ana koya musu kishin ƙasa. Duniya ta yi ta dariya, kuma faretin bai ƙara musu ko ƙwallo ɗaya a raga ba.

Darasin a fili yake. Duk inda soja ya shiga harkar wasa a matsayin mai hidima, yana ƙarƙashin malami, yana ba da lokacinsa da misalin kansa, an ga alheri. Duk inda ya shiga a matsayin mai iko, yana ganin yara ko 'yan wasa kayan aikinsa ne, an yi asara. Kakin ɗaya ne, abin da ke hannu ne ya bambanta.

MU DAWO GIDA

Yanzu ina muka kwana? Daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai sama da 300, ba a sako su ba sai bayan kwana shida. Gwamnati ta rufe makarantun kwana, kuma da aka zo buɗewa a 2021, waɗanda ke hannun rundunar soja na cikin na farko, har da ta 'yan mata da ke Barkiya a ƙaramar hukumar Kurfi. Mu da ke maƙwabtaka da Safana da Batsari, inda dajin Rugu yake, ba sai an ba mu labarin abin da rashin tsaro ya yi wa gonaki da kasuwanni da makarantu ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya yi wa yammacin yaro. Tsakanin la'asar da magariba, lokacin da a da ake cika fili, yanzu yara da yawa suna zaune ne a bakin titi ko a tasha, kuma a irin wannan zama ne mai sayar da ƙwaya ke samun ciniki, a nan ne kuma ɓarayin daji ke samun yaron da zai kai musu burodi da mai da labarin gidan wane. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in na kirki bai tanƙwara ba, na banza zai tanƙwara.

Shin ke nan sai a maimaita abin da aka yi a 1977? Ni dai ban goyi bayan haka ba. Soja mai kaki da bindiga a harabar makaranta yana iya jawo wa makarantar harin da aka yi niyyar kai masa. Saboda irin wannan ne ma ƙasashen duniya suka fito da yarjejeniyar kare makarantu a birnin Oslo a 2015, wadda Nijeriya ta amince da ita, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, kuma ɗaya daga cikin manufofinta shi ne a nisanta makarantu daga harkokin soja. Sojan da ke bakin aiki yana da nasa nauyin a daji, Allah Ya taimake shi a kai.

Waɗanda nake hange su ne 'yan mazan jiya. Da wuya ka sami gunduma a Dutsin-Ma ko Kurfi da babu tsohon soja a cikinta, wasu da sauran ƙarfinsu, suna zaune suna jiran fansho, ba a tuna su sai ranar 15 ga Janairu. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, cike da matasa masu ilimi da za su iya riƙe ɓangaren dabarun wasa. Me zai hana ƙungiyar iyaye da malamai ta kowace makaranta, da sanin hakimi da masu unguwanni, ta nemi tsohon soja ɗaya mai mutunci ta haɗa shi da malamin wasanni? Sharuɗɗan kuwa tarihi ya riga ya rubuta mana su: ya zo da kayan gida, ba makami, ba duka, yana ƙarƙashin shugaban makaranta, iyaye su san shi su san halinsa, kada a bar shi da yaro shi kaɗai, kuma a tashi kafin magariba. Abin da ake buƙata bai wuce ƙwallo biyu da usur da farar ƙasa ta shata fili ba. Sai kuma babban abu, a hana masu yanka filayen makarantu suna gina shaguna, domin in babu fili, ko janar aka kawo ba shi da wurin tsayawa.

Ba na cewa ƙwallo za ta kori ɓarayi daga daji. Amma yaron da ya saba cin garin kwaki a kwano ɗaya da ɗan Bafulatanin ruga da ɗan Bahaushen gari, wanda ya san akwai mutum goma da za su zagaya fili saboda makararsa, wanda kuma ya san wani tsoho zai tambayi sakamakon jarrabawarsa, ya fi wuyar saye da naira dubu biyu. Kuma yaron da ya fara sanin soja a matsayin Baba mai usur, gobe in ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da gabansa ya faɗi ba.

Ina roƙon duk wanda ya yi sakandare a ƙarshen shekarun 1970 ya zauna ya ba 'ya'yansa da jikokinsa labarin sojan makarantarsu, mai daɗin da marar daɗin, domin masu wannan tarihi suna ta ƙarewa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuri'a, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya, in Allah Ya kai mu.